Mabuɗin da Iya Ta Jefa a Komadugu

Masu karatu, ku yi mini afuwa, kwana biyu kun ji ni shiru. Ba yanga ba ce. Inda labarin nan ya iso ne yake da ɗaci, duk sanda na zauna zan rubuta sai in kasa. Yau dai na ce ko da hawaye ne sai na fitar da shi, in huta.

Ga wanda ya shigo yanzu, sunana Hadjara, ƴar Malam Grema mai gonar tattasai a bakin Komadugu, kan hanyar Geskeru. A shekarar 2008 ni ce sakatariyar ƙungiyar manoman tattasai a cikin Diffa. Kada ku ji sunan ku ɗauka wani babban abu ne. Ɗaki guda ne da tebur, da fanka mai kukan tsiya, da tsohuwar kwamfuta wadda ƙwayar cuta ta cinye, har in na kunna ta sai in je in dafa shayi in dawo ba ta gama farkawa ba.

Wannan kwamfutar ce ta jawo mini Lurwanu. Ɗan Damagaram ne, aiki ya kawo mahaifinsa Diffa. Dogo, siriri, da tabarau wanda ya ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare. Ya zauna ya danna nan ya danna can, sannan ya ɗago.

"Madam, wannan ba gyara take so ba, wanka take so."

"To yi mata. Amma in takardun mutane suka ɓace, kai da manoma."

Ya yi dariya ya zaro wani faifai daga jakarsa. "Sunanshi Ubuntu. Kyauta ne, ta gidan waya aka aiko mini. Mutanen duniya ne suka haɗu suka rubuta shi, kuma komi nashi a buɗe yake, wanda ya iya sai ya leƙa ya ga mi ke ciki."

A raina na ce, kyauta a ƙasar nan? Lalle akwai wata a ƙasa. Amma kafin la'asar tsohuwar nan ta tashi da wani ɗan kiɗan ganga, fuskarta jawur kamar ruwan goro, tana gudu kamar ba ita ba. Daga ranar Lurwanu ya riƙa zuwa wai duba lafiyarta. Ni da shi mun san kwamfuta lafiyarta ƙalau.

Sai dai akwai Sabi'u. Shi ne mai siber, wato shagon intanet na unguwarmu, kuma ɗa ne ga aminiyar mahaifiyata Iya tun suna ƴan mata. Ƙamshin turarensa yakan riga shi shigowa gida. Saƙonsa ba ya yankewa a ƴar Nokiyata.

"Ma belle, yau na gan ki cikin koriyar lafaya, na kasa cin abinci."

Ni kuma in mayar masa: "Allah ya sawwaƙe, ka nemi magani."

Da Babbar Salla Lurwanu ya tafi Damagaram. Ya dawo idanunsa jajir, ya ajiye mini takarda a tebur ba ko sallama. Saƙo ne daga akwatina na Yahoo, da sunana, wai na yi tunani, shi baƙo ne a garinmu, ya nemi ƴar garinsu. Wallahi ko harafi ɗaya ban rubuta ba. Da ƙyar na shawo kansa. Daga baya ya gano kwamfutocin siber ɗin suna ajiye duk abin da mutum ya buga, har kalmar sirrinsa. Ba mu kama kowa da hannu ba, amma ranar da na koma shagon, murmushin Sabi'u ya ishe ni shaida.

Abin ya taɓa Lurwanu fiye da yadda na zata. Mutum ne da in aka cuce shi sau ɗaya, ya daina yarda da kowa ke nan. Wata rana da azahar ya zo biro ɗinmu, wato ofishinmu, ya miƙo mini ƴar kile, wannan ƴar ma'ajiyar da ake soka wa kwamfuta, shuɗiya, ba ta wuce ɗan yatsana ba.

"Akwai wani abu da ake ce ma GPG, shi ma kyauta ne. Ki ɗauka na ba ki kwaɗo a buɗe, kin ba ni naki. In zan rubuto miki sai in kulle da kwaɗonki, duk duniya babu mai buɗewa sai mabuɗinki. Ni kaina in na kulle ban iya buɗewa."

"To mabuɗin yana ina?"

"Cikin kile ɗin nan, nan kaɗai. Kuma shi ne hatiminki. In kin buga shi a saƙo, na san ke ce."

Ya koya mini in rubuta a biro, inda babu intanet, in kulle, sannan in je siber in tura. Abin da ke fita a allon Sabi'u tarin haruffa ne ba kai ba gindi. Har yau in na tuna yadda yake wucewa ta bayana yana leƙe, yana murtuke fuska, sai in yi dariya. Abu ɗaya Lurwanu ya ja mini kunne a kai. Layin nan na sama, inda ake rubuta kan magana, ba ya kulluwa, kowa na iya karantawa. Shi ɗigo ɗaya kawai yake sa wa a wurin, ni ma na koya.

Damina na ƙarewa ya samu aiki da wani kamfanin masu neman man fetur, can cikin rairayi bayan N'Gurti. Babu rezo a can, waya ba ta shiga, sai intanet ɗin ofishinsu. Ranar da zai tafi ya zo ƙofar gidanmu. Na sha lalle, na ɗaura lafayata ruwan hoda wadda ta kwana a kan turaren wuta. Ya dube ni ya daɗe.

"Hadjara, mu yi alƙawari. Duk saƙon da ya zo da sunanki babu hatiminki, ko buɗe shi ban yi. Duk wanda ya kawo mini magana da baki wai daga gare ki, ban saurare shi."

"Na yarda," na ce. A lokacin daɗi ma na ji, na ga kamar ya gina mana ɗaki ne da ba mai shiga sai mu.

Baba ba mutum ne mai tilas ba. Abin da ya ce kawai, yana gyaran injin ban ruwa ko ɗagowa bai yi ba: "In yaron nan da gaske yake, in an kwashe tattasai ya turo manyanshi." Na rubuta wa Lurwanu, ya amsa da cewa kawunnansa sun shirya. Iya ce dai ba ta so. Ita a ganinta ɗan aminiyarta yana nan ga shago ga mota, me za a yi da mai tabarau ɗaure da zare?

A biro kowa ya ga kile sai ya ce a ara masa ya sa waƙoƙi. Saboda haka na kai tawa wurin baduku a kasuwa, ya ɗinka mata ƴar jakar jar fata da igiya, na rataya a wuya, cikin riga. Da ita nake kwana, da ita nake tashi. In kewarsa ta dame ni sai in kama ta ta saman riga in riƙe. Ashe Iya tana kallo.

"Mi ne ne wannan a wuyanki?"

"Iya, kayan aiki ne. Mabuɗin saƙonnina ne."

"Mabuɗi cikin fata a ɗinke? Wa ya ba ki?"

"Lurwanu."

Na ga yadda ta taɓe baki.

Lokacin da kogi ya cika ya batse, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni. An ce mini ina sambatu ina kiran sunansa, hannuna dam a kan jakar, ko Baba ya kasa ɓamɓare yatsuna. Gwaggo Rahamatou, ƙanwar Baba, ta zo dubiya ta gani, ta tafa hannu. Ta ce wa Iya wannan ba so ba ne, asiri ne, ɗan Damagaram ya ɗaure yarinya da laya. Suka je wurin wani malami, ya ce a ɗaura wa abin dutse a nutsar da shi cikin ruwa mai gudu.

Ranar da na fara samun ƙarfin yin wanka da kaina, na rataye jakar a ƙusar bangon bayi. Na gama na miƙa hannu, wayam. Na fito da ɗaurin ƙirji, sabulu a kunne, ina zazzage tabarmi. Iya ta shigo daga waje, gefen zanenta a jiƙe.

"Daina wahal da kanki. Tana ƙasan Komadugu, gindin tsamiyar gonarmu. Yau kin rabu da masifa."

Masu karatu, ban san na iya irin wannan ihun ba. Na zube a tsakar gida cikin tattasan da aka shanya, yaji na shiga idona ban ma ji ba. Gwaggo kuwa sai cewa take: "Kun gani ko? Abin ne yake hita."

Washegari na ja jiki na je siber. Na rubuta masa a fili, ba kulli ba hatimi: Lurwanu, ni ce, Iya ta jefa kile a kogi, don Allah ka amsa. Shiru. Na sake, na sake. Na yi sabon mabuɗi a biro yadda ya koya mini, na tura masa. Shiru. Na san dalili, ai shi ya ce mabuɗin da ba hannu da hannu aka ba da shi ba, kowa na iya ƙirƙirarsa.

Nasa saƙonnin kuwa suna ta zuwa, a kulle, ɗigo ɗaya a sama. In zauna in zuba wa haruffan ido. Na san a cikinsu yana tambayar ko lafiya, na san yana kiran sunana yadda yake ja masa wutsiya, amma ko kalma ɗaya ba ta fito mini. Ga shi kusa, ga ni kusa. Wani lokaci har in sa yatsa a kan allon.

Da abin ya ishe ni na nemi Sallau, direban da ke kai wa su Lurwanu kayan abinci. Na tare shi a tasha yana ɗaure buhunan albasa.

"Malam Sallau, don girman Allah ka gaya mishi da bakinka. Ka ce Hadjara ta ce mabuɗi ya ɓace, ya buɗe saƙona."

Ya tafi ya dawo, na same shi yana wanke mota. Ya kasa haɗa ido da ni.

"Wallahi na gaya mishi. Sai ya tambaye ni wai ina nake shan shayi in na shigo gari. Na ce ƙofar siber, kamar kowa. Ya yi dariya ya ce in gai da Sabi'u, wai dabara ta ƙaru."

"Shi ke nan abin da ya ce?"

Ya sosa ƙeya. "Ya tambaye ni ko gaskiya ne an kai goro gidanku. Ni kuma na ga an kai, ban iya yi mishi ƙarya."

An kai ɗin. Uwar Sabi'u ce ta aiko da goro da turmin atamfa wai na barka da tashi daga ciwo, Iya ta karɓa ta rarraba wa maƙwabta, gari ya ɗauka an sa rana. Ni ko ɓarin goron ban taɓa ba.

A nan zan faɗa muku gaskiya, na ji haushin Lurwanu kamar in mutu. Mutumin da ya san muryata, ya san yadda nake rubuta sunansa, a ce ya fi yarda da na'ura a kaina? Ko sau ɗaya ya buɗe ya karanta mana, ai da ya ji ni a ciki. Amma in haushin ya lafa sai in tuna idanunsa ranar da ya dawo daga Damagaram, in tuna da bakina na ce na yarda. Alƙawarinmu yake riƙewa, shi ya sa na rasa wanda zan zaga.

Aka kwashe tattasai, aka cika buhuna, motocin Najeriya suka zo suka ɗauka. Baba kuwa in ya dawo masallaci sai ya ɗan tsaya a zaure ya dubi hanya. Na rame har wuyana ya fito. Iya ta ga an rabu da laya amma yarinya ba ta warke ba, ta fara shiga damuwa. Wata safiya ta ajiye mini kunu ta zauna a bakin katifata.

"Hadjara, wai har yanzu abin bai sake ki ba?"

Na tashi na ɗauko mata mayafinta na ce ta raka ni biro. Ba ta taɓa shiga ba, ta tsaya a bakin ƙofa tana cire takalmi. Na ari kile ɗin shugabanmu, na sa mata a tafin hannu ta jujjuya. Sannan na soka a kwamfuta. Hotunan ranar rabon iri suka fito, ga Baba nan a tsakiya da hularsa a karkace, yana dariya.

Iya ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. "Malam ne wannan? Daga cikin ɗan abin nan ya hito?"

"Daga ciki, Iya. Irinta ce a wuyana. Babu aya, babu rubutun malam. In babu ita bai san ni ce nake magana ba."

Ta ce a hankali, "Ke nan ba laya ba ce." Ta sa takalminta ta fita, ba ta jira ni ba.

Daga ranar ba ta sake ambaton Sabi'u ba. Sai ta tsiri fita kullum da hantsi da ƴar fartanya, ta ce za ta gona. Ni ina cikin tawa, ban ko tambayi abin da ake nomawa a gona da tsakiyar bazara ba.

Ran wata Laraba na shiga siber kamar yadda na saba, ba don ina sa rai ba. Zafi kamar ya dafa mutum, fankar shagon tana juya iska mai ɗumi. Na buɗe akwatina, ga sabon saƙo daga Lurwanu. Idona ya nemi ɗigon nan na sama, bai same shi ba. A wurin da ya hana ni rubuta komai, wurin da ya ce kowa na iya karantawa, nan ya rubuta:

"Na haƙura. Allah ya ba ku zaman lafiya."

A ƙasa babu tarin haruffa, babu komai. Fari fat. Ya daina ɓoye mini magana, don a ganinsa ba sauran abin da ya rage tsakaninmu da ya cancanci a kulle.

Na ji ƙamshin turare a bayana. Sabi'u ne, ya karanta tsaf, ai dama don ya karanta aka rubuta.

"Ma belle, ki yi haƙuri. Dama baƙo..."

Na miƙe na dube shi tun daga hula har takalmi. Ban san me ya gani a fuskata ba, amma ya ja da baya ya ba ni hanya.

Ban tsaya neman kabu-kabu ba, da ƙafa na taho, lafaya na jan ƙasa. So nake in faɗa jikin wani in yi kuka, kuma duk abin da ta yi mini, Iya nake so. Ba ta gida. Na wuce gona.

Wanda bai san Komadugu ba, in bazara ta yi nisa kogin kan ƙafe, ya bar rairayi da ƴan tafkuna nan da can, har shanu su bi ta ciki. Na iso gindin tsamiya na leƙa ƙasa. Cikin kogin duk ramuka ne, manya da ƙanana, tun daga gaɓa har tsakiya, kamar an yi haƙar gyaɗa. A cikin ɗaya daga ciki ga Iya durƙushe, ba mayafi, rana na dukan bayanta, ta ajiye fartanya tana tono da hannu.

"Iya!"

Ta juyo. Fuskarta duk laka, gumi ya yi hanya a ciki. Ta dafa gwiwa ta miƙe da ƙyar, ta taho tana tangaɗi, hannunta a dunƙule a ƙirji. Rabon da in ga ta yi irin wannan murmushin tun kafin in kwanta ciwo.

"Dutsen ne ya riƙe ta, ruwa bai tahi da ita ba. Tun ɗazu na same ta, ina neman igiyar ne."

Ta buɗe hannu. Faratanta sun farfashe, ɗaya yana jini. Ga jakar nan, fatar ta yi baƙi ta ƙanƙance, ɗinkin ya ɓalle, bakin kile ɗin ya leƙo, tsatsa da yashi sun cika shi.

"Karɓi kayanki. Maza tahi ki buɗe, ki gaya mishi ni ce. Ki ce tsohuwa ce ta yi rashin sani, ya turo manyanshi, ni zan dafa musu abinci da hannuna."

Na karɓa. Tana da ɗumi, ban sani ba na rana ne ko na tafin hannunta. Na dubi ramukan nan, na dubi yatsunta. Na ƙulle kile ɗin a bakin lafayata, na goge mata lakar goshi.

"Ya rubuto kuwa?" ta tambaya.

"Ya rubuto, Iya."

"To mi kike jira? Ga mabuɗi ya samu."

Na juya na hau gaɓa na kama hanyar biro, tana bayana tana sa mini albarka. Na kasa gaya mata cewa saƙon yau ba ya buƙatar mabuɗi.